Yadda ake neman aiki ta hannun abokai ba tare da ka zubar da mutuncinka ko nasu ba

Akwai wata jimla da kusan duk wanda ya taɓa zama ba aiki ya furta: "Don Allah in ka ji wani aiki ka tuna da ni." Ana faɗinta a ƙofar masallaci bayan an sauko daga Juma'a, a wurin ɗaurin aure, ko a ƙarshen hirar waya daidai lokacin da ake sallama. Amsarta ma guda ce: "In sha Allahu, ba matsala, turo min CV ɗinka." Ka tura, daga nan shiru kake ji. Na yi wata 14 bayan kammala bautar ƙasa ina rarraba wannan jimla, ban samu kiran intabiyu ko ɗaya ta dalilinta ba, har na fara ƙullatar abokaina a zuci. Sai da na samu aiki, wasu suka fara aiko min da ita, sannan na gane inda gizo ke saƙa. Mutumin da aka ce wa "ka tuna da ni" ba a ba shi abin da zai riƙe ba. Bai san wane aiki ba, bai san wa zai yi wa magana ba, bai san ranar da ake buƙata ba. Mantuwa kuwa halin ɗan Adam ce. Wanda Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ce wa ya ambace shi a wurin ubangidansa ma, da ya fita daga kurkuku Shaiɗan ya mantar da shi har tsawon shekaru.

Kafin a shiga matakan, akwai abin da nake so ya zauna maka. Abokinka ba shi da aiki a aljihu. Abin da yake da shi shi ne suna, wato yardar da manyansa suka yi masa, wadda ya tara a hankali da zuwa a kan lokaci da riƙon amana. Ranar da ya shiga ofishin shugabansa ya ce "na san wani yaro da zai iya," sunan nan ya ba ka aro. In ka yi kyau ya ƙara daraja, in ka kwafsa shi za a kalla. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu.

Mataki na farko: ka san abin da kake nema, ka shirya takardunka

"Kowane irin aiki ne zan yi" magana ce ta wanda ya matsu, na kuma san zafin da ke bayanta. Amma ba ta taimakon mai son taimakonka. Ka zauna da biro da takarda ka rubuta nau'in aiki biyu, iyaka uku, waɗanda in an ba ka gobe za ka iya farawa ba tare da ka ba wa kowa kunya ba. Misali: koyar da lissafi ko kimiyya a makarantar kuɗi, ajiyar lissafin kaya a sito ko a kamfani irin na Sharada da Bompai da Challawa a Kano, tattara bayanai a ƙauyuka wa ƙungiyoyin agaji. Ka rubuta garuruwan da za ka iya zama, da mafi ƙarancin albashin da zai riƙe ka in an cire kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan lissafin ya zama dole, domin akwai aikin da albashinsa a hanya yake ƙarewa. Mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne, amma ƙananan makarantu da shaguna da yawa ba sa kaiwa nan. Gara ka san matsayinka tun yanzu da a sha wahala a samo maka aiki ka ce ya yi kaɗan.

Sannan takardu. CV shafi ɗaya, in ya yi yawa biyu, a matsayin PDF mai ɗauke da sunanka, ba hoton takarda da aka ɗauka da waya a kan katifa ba. Takardar kammala bautar ƙasa, ko ta yafewa ga wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama karatu. Takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda aikin gwamnati ba ya yiwuwa sai da ita. Lambar NIN. Ka duba da kyau ko sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya suke a duk takardun. Mu nan Arewa wannan matsala ta yi mana katutu: Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, sunan gari ya shigo a ta uku. In akwai saɓani ka je kotu ka yi takardar rantsuwa tun kafin a buƙata.

Ka kuma lura da shekaru. Bankuna da manyan kamfanoni kan sa iyakar shekara 26 ko 27 ga sabbin masu digiri, alhali yajin aikin malaman jami'a na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 ya cinye wa ɗalibai da yawa lokaci. In ka wuce iyakar, kada ka sa abokinka ya kai sunanka inda na'ura za ta watsar da shi tun kafin mutum ya gani, kada kuma ka rage shekaru a takarda. Ka nemi ƙofar da ba ta da wannan sharaɗin.

Mataki na biyu: jera mutanenka, kuma kada ka tsaya a majalisa

Yawancinmu in an ce abokai, 'yan majalisarmu muke nufi, waɗanda muke haɗuwa kullum wurin mai shayi. Su ne suka fi sonka, amma labarin da ke kunnensu shi ne ke kunnenka. In da sun ji wani gurbi, da ka riga ka ji, sau da yawa ma su kansu nema suke yi.

Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya wallafa bincike a 1973 a kan ma'aikatan da suka sauya aiki a wani gari kusa da Boston. Cikin waɗanda suka samu aikin ta hannun wani, kusan kashi 17 cikin 100 ne kawai suka ce suna yawan haɗuwa da mutumin. Sauran duk ta hannun wanda suke gani jefi-jefi ne, ko wanda da ƙyar suke haɗuwa. A 2022 an wallafa wani bincike da ya sake gwada batun da bayanan mutum miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, aka samu cewa sanayya mai matsakaicin nisa ta fi amini na kusa kawo aiki. Dalilin a fili yake: na nesa yana zaune a wata majalisar, yana jin abin da ba ya iso wa taka.

Don haka ka buɗe littafi ka rubuta mutum 30 zuwa 40. 'Yan ajinku na sakandare da na jami'a. Waɗanda kuka yi sansanin bautar ƙasa tare, musamman 'yan wasu jihohin. Shugaban wurin da ka yi hidimar ƙasa ko ka yi koyon aiki lokacin karatu. Malamin da ya duba maka kundin kammalawa. Abokan yayanka, mazajen yayyenka mata, maƙwabcin da kuke sahu ɗaya a sallar asuba. Ke kuma 'yar'uwa, ki sa ƙawayen Islamiyya, matan da kuke adashi tare, da malamar da ta koyar da ke, domin guraben asibitoci da makarantu da ƙungiyoyin lafiya sau da yawa a bakin mata suke yawo kafin su fito a takarda.

A gaban kowane suna ka rubuta abu biyu: inda yake aiki, da abin da ya taɓa gani da idonsa na iyawarka. Na biyun ya fi muhimmanci. Ka tuna ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a Madyana. Ya isa garin baƙo, ba shi da komai, ya shayar wa mata biyu dabbobinsu. Da ɗayarsu ta ce wa mahaifinta ya ɗauke shi aiki, hujjarta ita ce mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi amintacce, kamar yadda ya zo a aya ta 26 cikin Suratul Ƙasas. Abin da ta gani ta shaida. Wanda ya taɓa ganin aikinka, ko da shirya taron ƙungiyar ɗalibai ne ko riƙe kuɗin masallaci, shi zai iya magana a kanka da ƙarfin zuciya. Su za ka sa a sahun gaba.

Mataki na uku: gaisuwa kafin buƙata

In ka shekara uku ba ka nemi mutum ba, kada saƙonka na farko ya zama CV. Zumunci a ƙafa yake. Ka kira ka gaishe shi, ka tambayi iyali, in an yi masa haihuwa ko rasuwa ba ka je ba ka ba da haƙuri. Amma kada ka yi ta kewaye-kewaye na makonni kana gaisuwar safe da yamma, shi ma ya san akwai magana, jiran ta yake har ya fara gajiya. Gaisuwa ɗaya ta gaskiya ta isa, sannan ka ce kana da maganar da kake so ku yi in ya samu sarari.

Game da kunya kuwa, na san yadda take hana mutum barci. Wasu har shiri suke su fita da safe don kada maƙwabta su ce suna zaman kashe wando. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rashin aiki a ƙasar da aka tara dubban matasa a filayen wasa ranar 15 ga Maris 2014 don jarrabawar shiga hukumar shige da fice, kowa ya biya naira 1,000, har turmutsutsu ya kashe mutane fiye da goma, ba abin da mutum ɗaya zai ɗora wa kansa ba ne. Ka faɗi halinka a taƙaice: na gama hidimar ƙasa wata kaza, ko wurin da nake aiki sun rage ma'aikata, yanzu ina nema. Kada ka zagi tsohon wurin aikinka, kada kuma ka zazzage masa matsalolin gida. Tausayi yakan sa a tura maka kuɗin kati, amma abin da ke sa a kai sunanka gaban shugaba shi ne a yarda za ka iya.

Mataki na huɗu: roƙon kansa

Nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kai.

Akwai abubuwa huɗu daban-daban da za ka iya nema, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Mafi sauƙi shi ne labari: yaya ake ɗaukar ma'aikata a wurinku, wane wata, wa ke da alhakin abin? Na biyu shi ne haɗi: ka haɗa ni da wane. Na uku shi ne miƙa takarda da sa baki a kan wani gurbi da ake da shi. Na huɗu, mafi nauyi, shi ne ya tsaya maka, ya sa hannu a fom cewa in ka yi ɓarna shi za a nema. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tunkari wanda aka sani sama-sama da na uku ko na huɗu. Ka auna kusancinku, ka auna matsayinsa a wurin aikin, sannan ka zaɓi abin da zai iya ɗauka. Wanda bai cika wata shida da fara aiki ba, shi ma ƙafarsa ba ta kafu ba, labari kawai za ka nema a wurinsa.

Ka yi aikin neman gurbin da kanka. Ka duba shafin kamfanin, da LinkedIn, da Jobberman (shafin tallar guraben aiki), da zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai. In ka ga talla, sannan ka duba littafinka ka ga wa ka sani a can. Ga yadda saƙo zuwa ga sa'anka zai iya kasancewa:

"Salamu alaikum mutumina, ya aiki, ya iyali? Na ga kamfaninku na neman mai kula da sito a reshen Kaduna, za a rufe karɓa ranar Alhamis mai zuwa. Ka san na yi shekara guda ina riƙe lissafin kaya a inda na yi hidimar ƙasa, na kuma iya Excel sosai. Na riga na cike ta intanet. In kana ganin ba zai takura ka ba, ina so ka ambaci sunana wurin mai tantancewa. In kuma wurin ba ya karɓar haka, wallahi ba komai, ka dai ba ni shawarar yadda zan ɓullo wa abin."

Dubi abin da ke ciki. An ambaci gurbin da ranar rufewa. An tuna masa dalilin da ya sa ka dace. An nuna ka riga ka bi hanyar da kowa ke bi, ba tsallake layi kake nema ba. An faɗi abu ɗaya tak da ake so ya yi. Sannan an buɗe masa ƙofar fita. Wannan ta ƙarshen kada ka bar ta. Bahaushe ba ya son cewa a'a ido da ido, zai ce "to, bari mu gani" ya fara guje wa kiranka, zumuncin shekara goma ya yi sanyi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. In ka sauƙaƙa masa ƙin, ka tsare abotar, kuma sau da yawa wanda ya kasa wannan shi zai kira ka a kan wani.

In babba ne, abokin mahaifinka ko tsohon malaminka, saƙon waya bai isa ba. Ka nemi izinin zuwa, ka je gida ko ofis a lokacin da ya ba ka, da takardunka a ambulan. Bayan gaisuwa sai ka ce: "Baba, na zo ne in sanar da kai na kammala hidimar ƙasa, ina neman aikin koyarwa ko na ofis. Na zo neman shawara da addu'a, in kuma akwai wanda kake ganin ya dace in je in gani, zan je." Manya sun fi son a nemi shawararsu a kan a ɗora musu nauyi, kuma in ya ga dama shi da kansa zai ɗaga waya a gabanka. Kada ka tare shi da maganar a wurin ta'aziyya ko cikin taron jama'a. In ka haɗu da shi a can, ka gaishe shi ka ce kana so ka zo gida.

Ga 'yan'uwa mata akwai ƙarin magana, kuma dole a faɗe ta. In namiji ne za ki nema wa alfarma, ki bar maganar a rubuce kuma a kan aiki, ko ki bi ta hannun matarsa, ko yayanki ya raka ki. Duk wanda ya ce ki same shi a otal ko a wani gida da dare don a tattauna maganar aiki, ba aiki zai ba ki ba. Ki yanke hulɗar nan take, ki kuma gaya wa wani babba a gida.

Wata tambaya da ta fi yi min amfani fiye da kowace ita ce ta ƙarshen hira: "Akwai wani da kake ganin ya kamata in yi wa magana?" Aikin da na fara samu ta nan ya zo. Wani ɗan ajinmu ya ce shi wurinsu ba a ɗauka, amma ya ba ni lambar wani da suka yi aiki tare, wanda ban taɓa gani ba. In an ba ka irin wannan lambar, ka roƙi wanda ya ba ka ya fara sanar da mutumin cewa za ka kira, domin baƙuwar lamba ba kowa ke ɗauka ba.

Mataki na biyar: ka sauƙaƙa masa aikin

Da zarar ya amsa, cikin awa ɗaya ka tura masa abu uku a saƙo guda: CV, tallar gurbin, da layi uku ko huɗu da ke bayanin kai wane ne da abin da ka iya, waɗanda zai iya turawa gaba ba tare da ya gyara komai ba. In da Turanci ake aiki a wurin, ka rubuta su da Turanci mai tsabta, ka ba wani ya duba maka. Kada ka aika saƙon murya na minti biyar, ba zai iya tura wa shugabansa shi ba.

Kuma ka gaya masa gaskiya tun yanzu. In sakamakonka bai kai abin da aka nema ba, in an taɓa sallamarka daga wani wuri, in ba za ka iya fara aiki sai bayan wata biyu ba, ya ji daga bakinka. Babu abin da ke ƙona ran mai sa baki kamar ya ji aibin mutuminsa daga bakin shugabansa.

Mataki na shida: bibiya

Ka ba shi mako guda. In shiru, saƙo ɗaya gajere: "Ina tuni a kan maganar nan, za a rufe jibi." In ya sake yin shiru bayan tuni na biyu, ka bar shi, ka ci gaba da gaishe shi kamar da. Ba ka san abin da yake fama da shi a ofis ba, wataƙila shi ma kujerarsa rawa take. Kada ka yi masa filashin, kada ka kai ƙararsa wurin mahaifiyarsa, kada ka hau Facebook kana habaici a kan 'yan'uwan da suka samu wuri suka manta da na baya. Wanda ka yi domin shi zai gani, sauran mutanen littafinka ma za su gani.

A littafin ka riƙa rubuta ranar da ka yi wa kowa magana da abin da ya ce. Ka sa wa kanka ƙa'idar mutum uku ko huɗu a mako. Kada kuma ka sa mutum biyu su sa baki a gurbi ɗaya ba tare da kowannensu ya san da ɗayan ba.

Inda aka ambaci kuɗi, ka tsaya

Sa baki na alheri abu ne da addini ya yaba. Aya ta 85 cikin Suratun Nisa'i ta ce wanda ya yi ceto mai kyau yana da rabo daga gare shi, wanda ya yi mummuna kuma yana da kaso daga nauyinsa. Mai kyau shi ne a gabatar da wanda ya cancanta don a duba shi. Mummuna shi ne a ture wanda ya fi cancanta, ko a sayar da gurbi.

Sayar da guraben aikin gwamnati ba ɓoyayyen abu ba ne. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna a Abuja yana binciken wannan badaƙala a ma'aikatun tarayya, aka ji shaidar mutanen da suka biya kuɗi don a ba su aiki. A gefe guda kuma ga 'yan damfara da ke buga takardar ɗaukar aiki ta bogi, mutum ya sayar da fili ko gonar gado, ya je kama aiki a ce ba a san da shi ba. Abin takaicin shi ne sau da yawa ta hannun aboki maganar ke zuwa, shi ma wani ne ya yaudare shi, yana ganin taimako yake yi. In ka ji "akwai gurbi amma sai an ba da wani abu," ko "ka turo kuɗin fom ta asusun wane," ko "yau za a rufe, kada ka gaya wa kowa," ka ce ka gode, ba ka da hali. Ko da aikin na gaske ne, ka fara rayuwar aikinka da cin hanci, kuma wanda ya sayar maka yana riƙe da sirrinka har ka yi ritaya. Haka nan kada ka tura lambar BVN ko lambar sirrin da banki ke aikowa ta waya ga kowa da sunan tantancewa.

Bayan an sa baki

In an kira ka intabiyu, ka sanar da abokin nan take, ka tambaye shi abin da wurin suka fi damuwa da shi da irin shigar da ake yi. Ka isa da rabin awa kafin lokaci. A ciki kada ka riƙa jefa sunansa a kowace amsa. In an tambaye ka yadda ka ji labarin gurbin, ka faɗa sau ɗaya. Da ka fito ka kira shi ka gaya masa yadda aka yi, tun kafin ya ji a wurin wasu.

In ba a ɗauke ka ba, ka yi masa godiya kamar an ɗauka, domin nasa ya yi. Ka roƙe shi in zai iya ya jiyo maka inda ka gaza. Wannan bayanin da wuya kamfani ya ba ka shi kai tsaye, kuma da shi za ka gyara na gaba.

In an ɗauke ka, ka je har gida ka yi godiya, ka sa iyayenka ma su kira shi. Game da kyauta a yi hattara: akwai hadisi a Sunan Abi Dawud da ke gargaɗin cewa wanda ya yi wa ɗan'uwansa ceto, aka ba shi kyauta a kan haka ya karɓa, ya shiga babbar ƙofa daga ƙofofin riba. Saboda haka kada ka yi alkawarin albashin farko, kada ka sa shi a wannan matsayi. Abin da yake buƙata daga gare ka shi ne wata shidan farko su yi kyau: zuwa a kan lokaci, ba neman izini barkatai, ba kai masa ƙorafin shugabanka kullum, ba nuna wa sauran ma'aikata cewa kana da uwa a gindin murhu. In aikin bai yi maka ba kana so ka bari, shi za ka fara gaya wa, sannan ka ba da sanarwa yadda takardar ɗaukarka ta tanada, kada ka ɓace bayan an biya albashi.

Daga nan sai ka koma kan littafin. Duk wanda ka taɓa yi wa magana, har waɗanda suka yi shiru, ka tura masa saƙo cewa Allah ya sa an dace, ka samu aiki a wuri kaza, ka gode da ƙoƙarinsa. Wasu suna nan suna ta yi maka cigiya ba ka sani ba, kada su je su sake kai sunanka wani wuri alhali ka riga ka kama aiki.